GARDAMAR BIRNI TA SHAFI MUTUMIN ƘAUYE

Jawabi ga ƴan uwa na ƙauyukan da ke kewaye da Maraɗi

  

Yau maganarmu a kan birni take. Na san wani zai ce: "Mu mutanen ƙauye ne. Mi ya haɗa mu da gardamar mutanen birni? Su da motocinsu, mu da jakunanmu." Ɗan uwa, dakata kaɗan. Ranar kasuwa, ina kake kai wakenka? Wa ke yanka maka tikiti a bakin kasuwa? In haihuwa ta yi ma matarka gardama a likitar ƙauye, wace hanya za a bi da ita? Ɗanka da ya tafi cin rani, a wace unguwa yake kwana? Gonakin da ke bakin birni kuma, na su wa ne?

Ke nan, abin da ake yankewa a ma'aikatar magajin gari yana taɓa aljihunka, yana taɓa amalankenka, yana taɓa gonarka. Wanda abu ya shafa kuwa, ya kamata ya san ƙaƙa abin yake tafiya. Za mu ɗauki misali da Maraɗi, tunda ita muka fi sani. Ƴan uwa na wajen Damagaram da Tawa, ku ma za ku gane naku a ciki.

ƘAƘA MARAƊI TA GIRMA?

Tsohon garin Maraɗi a fadama yake, bakin Gulbi. A shekarar 1945 Gulbi ya cika ya tumbatsa, ruwa ya ci gari. Sai hukumar Turawa ta wancan zamani ta sa aka tayar da mutane, aka maida gari bisa tudu. Aka shata tituna miƙaƙƙu, aka yanka filaye a jere. Ku riƙe wannan a zuci: Maraɗin da kuke gani yau, ruwa ne ya sa aka gina ta inda take.

Daga nan gari ya yi ta bunƙasa. Cinikin gyaɗa ya kawo mutane. Fatauci tsakaninmu da Najeriya ya kawo wasu. Farin 1973 da na 1984 suka koro wasu daga karkara. Ga abin da ƙidayar jama'a ta nuna:

A 1977, mutum wajen dubu 45.
A 1988, sama da dubu 110.
A 2012, wajen dubu 267.

Ku yi lissafi bisa allo. Daga 1977 zuwa 2012 shekara 35 ke nan. Cikin shekarun nan jama'ar gari ta ninka kusan sau 6. A da ana maganar Bagalam, Mokoyo, Limanci da Ƴan Daka. Daga baya aka samu Zariya, Burja, Ali Ɗan Sofo da sauransu. Gulbi ya tare gari daga yamma. Saboda haka gari ya miƙa ƙafa ta sauran ɓangarori, yana bin gonaki, har ya doshi na Jiratawa da na Tsibiri.

Gidan da aka gina don mutum 10, in ya zama na mutum 60, dole a yi gardama a kan randa, a kan ƙofa, a kan wurin shimfiɗa tabarma. Haka birni yake.

WA KE YANKE SHAWARA?

A watan Yuli na 2004 aka zaɓi mashawarta a ƙananan hukumomi 265 na ƙasarmu, na birni da na karkara. Mashawartan nan su ke zaɓen magajin gari daga cikinsu. A 2010 aka ba Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa matsayin manyan birane. Aka raba Maraɗi da'ira 3, kowace da ma'aikatarta, ga kuma babbar ma'aikatar birni a sama.

Dokar 2010 ta ce majalisar mashawarta ta zauna sau 4 a shekara, bayan kowane wata 3. Ta ce zaman a buɗe yake, talaka na iya shiga ya saurara, sai fa in majalisa ta rufe ƙofa saboda wani dalili. Ta ba sarakunan gargajiya kujera a ciki: suna ba da shawara, amma ba su jefa ƙuri'a.

A watan Afrilu na 2024 hukumomin soja suka rushe majalisun nan, suka naɗa kantomomi su riƙe ƙananan hukumomi. To, ko zaɓaɓɓen magajin gari ne bisa kujera, ko naɗaɗɗen kantoma, kayan da ke kansa iri ɗaya ne: shara, magudanan ruwa, kasuwanni, tashoshi, mahauta, maƙabartu, ƙananan tituna, da takardun haihuwa da na aure.

Akwai kuma abin da ba nasa ba. Wutar lantarki ta kamfanin NIGELEC ce. Ruwan famfo yana da nasa kamfani. Manyan hanyoyin da ke haɗa jiha da jiha na gwamnatin ƙasa ne. Sanin wannan yana da amfani. Mutum da yawa na kai kuka ƙofar da ba ita ba, su wuni a can, su koma gida da fushi.

INA KUƊIN KE FITOWA?

Ma'aikatar magajin gari ba ta noma, ba ta kiwo. Kuɗinta daga jama'a suke fitowa. Akwai lanho. Akwai tikitin kasuwa da na tasha. Akwai hayar rumfuna, da harajin masu sana'a, da na dabbobin da ake sayarwa ko ake yankawa. Akwai kuɗin filaye. Sa'an nan akwai tallafin gwamnati da na ƙasashe abokan arziki.

Ku duba da kyau. Matar da ta ɗauko ƙwaryar nono daga ruga ta zauna a kasuwa, ta biya. Manomin da ya kawo buhun gero, ya biya. Wanda ya jawo ɗan akuya ya sayar, ya biya. Ashe akwai gumin mutumin ƙauye cikin asusun birni.

Kuɗin nan ba su da yawa in an gwada su da bukatu. Kafin a yi aiki ko ɗaya, sai an biya ma'aikata, an sayi man motocin kwasar shara. Abin da ya rage shi ake ja-in-ja a kansa. Kowa na da bukata, kowa kuma na da hujja. Bari mu ɗauki manyan gardamomi uku, mu ji abin da kowane ɓangare ke cewa.

GARDAMA TA FARKO: KWALTA KO MAGUDANA?

Masu son kwalta na cewa: "A fara da titi. Yashi na cinye moto, mota na kafewa, marar lafiya na wahala kafin ya isa likita. Titi mai kyau na jawo ciniki, ciniki kuma na kawo kuɗi."

Masu son magudanar ruwa, wadda mutanen birni ke ce ma kanibo, na cewa: "A fara da hanyar ruwa. Titin da ba shi da magudana, damina kaɗan za ta fasa shi. Kafin ta fasa shi kuma, ruwan da ya gangara daga kansa gidajen talakawa zai shiga."

Kwalta kowa na ganinta, kowa na yabon wanda ya yi ta. Magudana kuwa rami ce a gefen hanya, ba ta da ado. Shi ya sa sau da yawa kwalta ke cin gardama. A 2015 aka yi bikin 18 ga Disamba a Maraɗi, da shirin da aka sa ma suna Maraɗi Kwalliya. An shimfiɗa tituna, an sa fitilu, an yi gine-gine. Tawa ta samu nata a 2017, Damagaram a 2018. Garuruwan sun yi kyau, ba mai musu. Amma unguwannin da ke nesa da manyan tituna sun fi yawa, kuma ruwan sama ba ya zaɓen unguwa.

Mu yi ɗan lissafi tare, don mu gane nauyin ruwa. In aka ce an yi ruwa milimita 1, ana nufin lita 1 ta zuba bisa kowane wuri mai mita 1 tsawo, mita 1 faɗi. Filin gida mai mita 20 tsawo, mita 20 faɗi, murabba'in mita 400 ke nan. In aka yi ruwa milimita 50 dare ɗaya, 400 sau 50 ya ba da lita dubu 20. Tano ɗaya na cin lita 200. Ke nan tano 100 suka zuba a gida ɗaya tak. To, gida dubu fa?

A gona, jigawa na shanye ruwan nan, gero ya amfana. A birni kuwa, kwano ba ya shan ruwa. Siminti ba ya sha. Kwalta ba ta sha. Dole ruwa ya nemi hanya. Maraɗi bisa tudu take, Gulbi na ƙasa. Ruwa zai gangara, yana ƙara ƙarfi, yana haƙa kwazazzabai, yana cin gindin katanga.

Mun ga abin da ya faru a daminar 2024. A ƙarshen watan Agusta aka yi ruwa mai tsanani a Maraɗi, gidaje da yawa suka faɗi, aka rasa rayuka. A Damagaram, farkon Satumba, tsohon masallacin ƙasa na unguwar Birni ya rushe. A ƙasa baki ɗaya, hukuma ta ƙidaya mutum kusan 400 da suka rasu, da wajen miliyan 1 da rabi da bala'in ya taɓa. Har komawa makarantu sai da aka ɗage zuwa ƙarshen Oktoba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Akwai kuma maganar shara. Magudana in ta cika da yashi da leda, daidai take da babu. Tun 2014 aka yi dokar da ta hana shigowa da baƙar leda marar kauri da sayar da ita. Amma doka a takarda ba ta share kwata. Masu unguwa na cewa ma'aikata ba ta turo motar shara. Ma'aikata na cewa jama'a ke zuba shara cikin magudana da hannunsu. Duka biyun akwai gaskiya a bakinsu.

Ina ruwan mutumin ƙauye a nan? Ruwan da ya bar birni fadama yake sauka, da yashinsa da ledarsa, cikin garake da gonakin bakin Gulbi. Sharar birni da ake ɗauka a amalanke a kai gona a matsayin taki, ita ma cike take da leda. Akuya ko saniya in ta ci leda, cikinta na cushewa, ta rame, ta mutu. Ɗanka ɗan ci-rani kuma, ɗakin da zai iya biyan hayarsa yakan kasance a kwari, inda ruwa ke taruwa.

Ga abin da muka gani ya fi: kar a raba titi da magudana, a yi su tare ko da titin zai gajarta. A yashe magudanai tun watan Mayu, kafin hadari ya haɗu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

GARDAMA TA BIYU: HANYA TA WA CE?

Maraɗi na bakin babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi Dosso da Ƙonni ta wuce Damagaram. Wata hanyar kuma ta nufi Ɗan Isa da iyakar Najeriya. Saboda haka manyan motocin kaya ba su yankewa. Cikin gari ga ƴan kabu-kabu, ga adaidaita sahu, ga kurar ƴan garuwa, ga amalanken shanu da na jakuna, ga masu tafiya a ƙasa. Gefen hanya kuma ga ƴan tebur, ga masu shayi, ga masu tuyar ƙosai. Titi ɗaya, masu shi da yawa.

Mai mota na cewa a hana amalanke shiga tsakiyar gari, yana tare hanya. Mai amalanke na cewa shi ke kawo hatsi da itace da haki, in ya daina zuwa birni zai ji a jikinsa. Ƴan sanda na cewa yawancin haɗurra daga gudu ne da rashin sanin dokar hanya. Ɗan kabu-kabu na cewa moton ba nasa ba ne, dole ya haɗa kuɗin mai shi kafin dare. Mai kanti na cewa shi yana biyan haya da haraji, ɗan tebur ya zo ya tare masa ƙofa. Ɗan tebur na cewa shi ma kullum ana yanka masa tikiti, don mi za a karɓi kuɗinsa da safe, a kore shi da marece?

Hausawa na cewa in ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa ma naka ruwa. Don haka mu leƙa Yamai, tunda ita ta riga mu shiga wannan hali. A 1970 aka buɗe gadar Kenedi bisa kogin Kwara. Shekara 40 ita kaɗai ke haɗa gaɓa biyu na birnin. A 2011 aka buɗe gada ta biyu, a 2021 ta uku. Daga 2013 aka fara buɗe gadojin sama a manyan mahaɗu. Aiki ne babba, ya kuma rage wahala. Amma mutanen Yamai, da ba su kai dubu 250 ba a 1977, sun haura miliyan 1 a 2012. Ana faɗaɗa hanya, jama'a da ababen hawa na ƙaruwa.

A 2016 kuma hukumomin Yamai suka rushe shaguna da rumfuna masu yawan gaske da aka kafa a bakin tituna. Hukuma ta ce wurin na jama'a ne, ba na mutum ɗaya ba, kuma hanya ta buɗe. Ƴan kasuwa suka ce an raba su da abincinsu, ba a tanadar masu wurin da ya dace ba. Aka daɗe ana wannan magana.

Darasin da ke ciki shi ne: kafin a tayar da mai sana'a, a fara shirya masa wurin zama. Wurin kuma ya kasance inda masu saye ke iya zuwa. In aka kai shi bayan gari inda ba kowa, ba da daɗewa ba zai dawo bakin titi.

Haka maganar amalanke. In aka tsayar da shi nesa da kasuwa, manomi sai ya sauke kaya, ya biya adaidaita, ya biya ɗan dako. Duk wannan daga kuɗin gerensa za a cire. Abin da ya kamata mu roƙa shi ne fili kusa da kasuwa, mai inuwa da ruwa, inda za a ɗaure dabbobi, da lokutan shiga da fita da kowa ya sani.

Mu ma da namu nauyi. Amalanke ya riƙe hannun dama. Kar a ba ƙaramin yaro shi kaɗai ya shiga da shi birni. In dare zai yi, a rataya fitila ko wani abu mai ƙyalli a baya. Direban babbar mota ba ya ganin amalanke cikin duhu sai ya zo dab da shi, kuma mota mai kaya ba ta tsayawa nan take.

GARDAMA TA UKU: YANKAN FILAYE

Wagga ita ta fi shafar ku. In birni ya cika, sai hukuma ta ce za a yanka sababbin filaye, abin da ake ce ma lotisma. Masu awo su zo da kayan aikinsu, su kafa turakun siminti cikin gonaki. A fitar da tituna. A ware wurin makaranta, likita, kasuwa da masallaci. A ba mai gona wani kaso na filayen. Sauran kuma a sayar.

Masu goyon baya na cewa: "In ba a yanka bisa tsari ba, mutane za su gina barkatai. Gobe a rasa inda motar likita za ta bi, a rasa inda za a ja famfo." Gaskiya ne. Tun ran gini, tun ran zane.

Masu suka na cewa: "Sau da yawa ba don tsari ake yankan ba, don a samu kuɗi ne. Ana sayar da fili ba ruwa, ba wuta, ba magudana. Wani wurin ma tafki ne da damina. Filin da aka ware ma makaranta, bayan shekara kaɗan sai a ga an yanka shi an sayar. Mai kuɗi ya saye goma ya ajiye, talaka bai samu ko ɗaya ba." Wannan ma mun san yana faruwa.

Nan ma Yamai ta ba da misali. Tun 1965 aka fara dasa itatuwa, yawancinsu bedi, a kewayen birnin, don su tare iska da ƙura. Dajin ya haura hekta dubu 2. Da birni ya matso, aka yi ta yanka filaye a ciki ana gini, har ya zama babbar rigima tsakanin hukuma, masu gonakin asali da waɗanda suka saya. A farkon shekarun 2000 kuma, filaye aka ba ma'aikatan gwamnati da dama a madadin albashin da suke bi. Kun ga yadda ƙasa ke zama kamar kuɗi a hannun hukuma. Ƙasar nan kuwa, jiya gonar wani ce.

A wajenmu akwai ƙarin dalilin yin hattara. A 2021 aka aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, ta Katsina da Jibiya. Duk inda aka ji labarin babban aiki irin wannan, dillalan fili na riga kowa isa.

Mi doka ta ce? Dokar 1961, wadda aka gyara a 2008, ta ce in hukuma za ta karɓi ƙasar mutum don amfanin jama'a, sai ta biya shi diyya ta adalci, kuma kafin ta karɓa. Dokar karkara ta 1993 ta yarda da mallakar gargajiya: gonar da ka gada taka ce. Ta kuma kafa kwamitocin kula da ƙasa, waɗanda ake ce ma Kofo, a ƙauye, a ƙaramar hukuma, da sama da nan. A nan ake yin takardar shaidar gado, ta saye, ta kyauta, ta aro da ta jingina. Ranar da masu awo suka iso, mai takarda da marar takarda ba su zama ɗaya.

Ga wani lissafin kuma. Hekta 1 murabba'in mita dubu 10 ce. In aka raba ta da 400, fili 25 ke nan. Amma ba za a samu 25 ba, don tituna da wuraren jama'a za su ci nasu. Cikin abin da ya rage za a ba ka kaso. In ku magada 8 ne, nawa kowa zai samu? Wanda ya sayar da nasa, ya sayi moto, ya yi biki, shekara nawa kuɗin za su yi? Gona kuwa kowace damina tana ba da damma. Ba mu ce kar kowa ya sayar ba. Mun ce a yi lissafi tukuna, a zauna da iyali, har da mata, don su ma suna da rabo cikin gado.

Makiyaya, ku ma ku sa ido. In gini ya toshe burtali ko ya kewaye mashaya, shanu za su bi ta gona, faɗa ya tashi tsakanin mutanen da ba su suka yanka filin ba.

ABIN DA ZA MU YI

1. Duk wanda aka karɓi kuɗinsa a kasuwa ko a tasha, ya karɓi tikiti, ya duba abin da aka rubuta. Kuɗin da ba su da tikiti ba su isa asusu.

2. Mai gona kusa da birni ya je wurin mai gari da kwamitin Kofo, ya yi takardar gonarsa tun ba a zo awo ba.

3. Kar ka sa hannu ko ka dangwala yatsa bisa takardar da ba ka karanta ba. In karatunka bai kai ba, ka nemo wanda ka yarda da shi, ba wanda mai saye ya kawo ba.

4. Mai son sayen fili a birni ya je ya ga wurin da damina, bayan ruwa mai yawa. Ya tambayi tsofaffin wurin ina ruwa ke bi. Ya kai takardar ma'aikatar magajin gari a tabbatar masa ba a sayar ma wani ba.

5. In za a kai taki daga juji, a tsince leda kafin a watsa a gona.

6. In akwai kuka, a taru a tsara shi. A rubuta shi a takarda, da kwanan wata, a bar kwafi a gari. A ba mai gari da hakimi su kai. Ƙungiyoyin manoma, na mata da na makiyaya su tura wakilai duk lokacin da hukuma ta kira taron jama'a. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

In kun samu zama da magajin gari ko kantoma, ga tambayoyi uku da ba su da laifi, kuma ba rashin ladabi ba ne: Nawa aka tara bara a kasuwarmu? Mi aka yi da su? Mi aka shirya yi bana kafin damina? Shugaba nagari na jin daɗin irin waɗanga tambayoyi, don suna ba shi damar nuna aikinsa. Jama'a kuma in sun ga inda kuɗinsu ya shiga, biyan lanho ba ya yi masu nauyi.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA

Bayan kun karanta, ku zauna ku yi shawara a kan waɗannan:

Gonaki nawa na garinku ke da takarda?
Ta ina ruwa ke bi a garinku in an yi babban ruwa? Akwai wanda ya yi gini bisa hanyar?
Ranar kasuwa, ina kuke ɗaure dabbobinku a birni? Wurin ya ishe ku?
In da ku ke riƙe da asusun, da mi za ku fara: titi, magudana, ko kwasar shara? Don mi?

Ku rubuto mana amsoshinku, ku ba malamin cibiyarku ya aiko. Ƙauyen yau shi ne unguwar birnin gobe. Gara mu yi magana tun turakun siminti ba su iso ba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mu daga ambaliya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.